Me ya sa ake yi wa ƙarfen dashen haƙori kaushi, alhali ƙwayoyin cuta ma kaushin suke so?

Wani malamin sakandare daga Argungu ya aiko da wannan tambaya: "Likita, barka da aiki. Bara kabu-kabu ya kayar da ni a hanyar Birnin Kebbi, haƙorana biyu na gaba, na sama, suka fita. Yanzu na roba nake sawa. An ba ni shawarar a dasa mini na ƙarfe a cikin ƙashi. Da aka nuna mini hoton ƙarfen sai na ga ba ya ƙyalli, toka-toka ne, aka ce da gangan ake yi masa kaushi. Ni kuwa abin da nake koya wa ɗalibai shi ne datti da ƙwayoyin cuta sun fi maƙalewa a jikin abu mai kaushi. To yaya za a sa mini abu mai kaushi a baki? Ba mai santsi ya fi ba?"

Malam, barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Abin da kake koya wa ɗalibanka daidai ne, kada ka janye ko kalma ɗaya. Wanda ya ce maka da gangan ake yin kaushin, shi ma bai yi ƙarya ba. Inda maganar ta sarƙe shi ne, ƙarfen guda ɗaya ne amma a wuri biyu yake zaune. Gindinsa yana binne cikin ƙashin muƙamuƙi, inda babu yawu babu abinci, jini ne kawai da ƙashi. Wuyansa kuma ya huda dasashi ya leƙo cikin baki, inda ƙwayoyin cuta suka kafa sansani dare da rana. Abin da ƙashi ke so dabam, abin da zai hana ƙwayoyin cuta zama dabam, kuma kusan duk wahalar wannan aiki namu a kan wannan iyaka take.

Abin da ake kira dashen haƙori yawanci yanki uku ne. Akwai wanda ake murɗawa cikin ƙashi kamar noti, kaurinsa milimita 3 zuwa 5, tsawonsa galibi milimita 8 zuwa 13, shi ne ka gani a hoto. Akwai mahaɗi da ake ɗaurawa a kansa, wanda ke ratsa dasashi. Sannan haƙorin da mutane za su gani, na tangaran. Kaushin da kake magana a kai, na notin ne kaɗai. Mahaɗin, in ka riƙe shi a hannu, za ka ga yana sheƙi.

Asalin abin ma da mai santsi aka fara, don haka tunaninka ya zo ɗaya da na waɗanda suka ƙirƙiro shi. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ƙashi. Ya sa wani ɗan bututu na ƙarfen da ake kira titaniyam a ƙashin ƙafar zomo don ya riƙa leƙawa. Da ya gama ya zo cirewa, bututu ya ƙi fita, ƙashi ya kama shi gam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko ƙarafan haƙori na titaniyam, mutumin kuwa ya yi sama da shekara 40 yana cin abinci da su har ya rasu. Dalilin da ya sa titaniyam ke zama lafiya da jiki, kai malamin kimiyya za ka ji daɗinsa: da zarar iska ta taɓa shi, cikin ƙiftawar ido sai wata fata siririya ta rufe shi, haɗin ƙarfen da oksijin. Tsatsa ce in an bi ta asali, amma ba irin ta kwanon rufi mai cin ƙarfe ba. Wannan kare ƙarfen take yi, kuma da ita ƙashi ke hulɗa, ba da tsurar ƙarfen ba.

Ƙarafan farko, yadda inji ya sassaƙa su haka ake dasa su, ba a ƙara musu komai. Sun yi aiki, amma da sharaɗi: a rufe su da dasashi a jira wata uku a muƙamuƙin ƙasa, wata shida a na sama, kafin a ɗora haƙori. Kuma a ƙashi mai taushi suna ba da kunya. Wasu likitoci biyu a Amurka sun ba da rahoto a 1991 cewa cikin irin waɗannan ƙarafa da suka dasa a ƙashi mafi taushi, kashi 35 cikin 100 sun ƙi kamawa, alhali a sauran ƙashi mai ƙwari kashi 3 ne kawai. Ƙashi mai taushi kuwa a muƙamuƙin sama ya fi yawa, musamman can baya wajen turame. Wannan ne ya sa aka koma neman abin da zai sa ƙashi ya kama da sauri kuma da ƙarfi.

Ka taɓa tsayawa ka kalli magini zai yi wa ginshiƙin kankare filasta? Ginshiƙin da aka cire wa katako yana da sulɓi, in ya watsa masa siminti haka nan, bayan kwana biyu sai ya ɓanɓaro. Shi ya sa yake ɗaukar guduma ya sassare jikinsa tukuna. Abin da ke faruwa a ƙashi ya yi kama da haka, sai dai simintin a nan jini ne. Ana murɗa ƙarfe cikin ramin da aka haƙa, abu na farko da ke taɓa shi jini ne, ba ƙashi ba. Jinin ya daskare ya zama guda, cikin gudan akwai wasu zarurruka masu kama da saƙar gizo-gizo da ake kira fibirin. A kan waɗannan zarurruka ƙwayoyin halittar da za su gina sabon ƙashi ke rarrafowa daga bangon ramin zuwa jikin ƙarfe. Suna tafiya suna jan zaren. In jikin ƙarfen sulɓi ne, zaren sai ya saki ya ja da baya, maginan su tsaya nesa, su fara gini daga tsohon ƙashi suna matsowa a hankali har su iso. In kuwa akwai ƙananan ramuka da zaren ya sarƙafe a ciki, yana riƙewa, maginan su iso har jikin ƙarfe su fara zuba ƙashi a kansa kai tsaye. Gini ya zama daga ɓangare biyu ke nan, su haɗe a tsakiya. Wani masani a Toronto ta Kanada, John Davies, shi ya fi kowa fayyace wannan bambanci. Ban da haka, su kansu maginan in sun zauna a wuri mai ƙananan ramuka sun fi saurin nuna su kama aiki, sannan ƙashin da ya shiga ramukan ya ƙafe yana zama kamar kulle.

An auna wannan. A 1991 Daniel Buser da abokan aikinsa a birnin Bern na Suwizalan sun dasa ƙarafa masu jiki iri-iri a ƙashin ƙafar wasu ƙananan aladu, bayan mako uku da mako shida suka yanka suka duba kashi nawa na jikin ƙarfen ƙashi ya manne wa. Masu santsi, kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Waɗanda aka fesa wa yashi mai gwaɓi sannan aka tsoma a asid, kashi 50 zuwa 60. Fiye da ninki biyu ke nan. Daga nan kamfanoni suka juya, jiran wata uku zuwa shida ya dawo mako shida zuwa takwas ga mai lafiyayyen ƙashi.

Saurin nan ba don gajen haƙurin majiyyaci kaɗai ake nemansa ba. Ranar da aka dasa ƙarfe, matsewa ce ke riƙe da shi, kamar ƙusa a katako. Cikin makonnin farko jiki yana narkar da ƙashin da aka matse ɗin, riƙon yana raguwa, shi kuma sabon ƙashi bai gama ƙwari ba. Wajen mako na uku zuwa na huɗu ƙarfen ya fi rauni, tsohon riƙo ya saki, sabo bai kama ba. Duk abin da zai gajarta wannan tsakani, ya rage hatsari.

Amma kaushin nan da muke ta faɗa, kada ka ɗauka irin na dutsen niƙa ne. Ana auna shi da maikiron, wato ka raba milimita ɗaya gida dubu ka ɗauki ɗaya. Gashin kai ɗaya kaurinsa yana kaiwa maikiron 70 ko kusa da haka. Wasu masana biyu na Suwidin, Albrektsson da Wennerberg, sun kasa jikin ƙarafan gida huɗu a 2004: ƙasa da rabin maikiron mai santsi ne, rabi zuwa 1 mai ɗan kaushi, 1 zuwa 2 matsakaici, sama da 2 mai kaushi sosai. Ƙashi ya fi amsa wa matsakaicin, kuma mafi yawan ƙarafan da ke kasuwa yau a nan suke. In ka shafa da yatsa da ƙyar za ka ji wani abu, ido dai yana ganin ƙyallin ya dushe. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda na ambata: yashin alumina da ƙarfin iska ya fafe manyan kwarurruka, asid mai zafi ya bi ya hudo ƙananan ramuka a cikinsu. Wasu kamfanonin da lantarki suke yi, su kaurara fatar nan ta oksijin har ta yi ƙofofi. A da an yi yayin masu kaushi sosai, ana fesa wa ƙarfen narkakken garin titaniyam, ko a lulluɓe shi da ma'adinin da ke cikin ƙashi. Suna kamawa da wuri, amma lulluɓin yakan ɓare ko ya narke, kuma in ciwo ya kama su sai ƙashi ya zaizaye da gudu. An ja baya daga gare su. Ka ga ko ta ɓangaren ƙashi ma, kaushi yana da iyaka.

Yanzu mu hau sama, inda maganarka ta fi ƙarfi.

Duk abin da ya shiga baki, cikin 'yan mintuna yawu ke shafe shi da wani siririn maiƙo na furotin. A kan wannan ƙwayoyin cuta na farko ke sauka, yawanci masu jeruwa kamar carbi, waɗanda ba su da wata illa mai yawa. Bincike ya nuna cikin minti 30 da dasa ƙarfe an riga an same su a wurin. Su ne ke share fage. Suna fitar da yauƙi su lulluɓe kansu, wasu su zo su maƙale a jikinsu, wasu a jikin waɗancan, har a sami gari guda mai unguwanni. Can ƙasan garin, iska ba ta kaiwa, nan miyagun ke zama, masu ƙin iska, irin waɗanda ke kawo ciwon dasashi da warin baki. Wannan yauƙi shi ne farin dattin da kake kankarowa da farce a gindin haƙori da safe. Ƙwayar cutar da ke cikinsa ta fi wadda ke yawo a yawu wuyar kashewa nesa ba kusa ba, maganin sha ba ya ratsa shi sosai, sai an goge da hannu. Masunta a Argungu sun san haka a jikin kwalekwale: gansakuka ba ta fita da kurkura, sai an kankare.

A jami'ar Luben ta ƙasar Beljiyam, Marc Quirynen da abokan aikinsa sun yi wannan gwaji a bakin mutane. A 1993 sun sa wa majiyyata mahaɗi na yau da kullum da kuma wanda aka yi wa kaushi, bayan wata uku suka tarar mai kaushin ya tara ƙwayoyin cuta har ninki 25 a ƙarƙashin dasashi. Da suka ci gaba da gwada masu santsi iri-iri, sai suka gano akwai wani mizani, wajen maikiron 0.2. In kaushi ya wuce nan, datti yana ƙaruwa. In ya yi ƙasa da nan, komai gogewar da aka ƙara yi, ba a samun wani ragi. Har ma an ga alamar cewa wanda aka goge ya zama kamar madubi, dasashi ba ya riƙe shi da kyau.

To ka haɗa lissafin da kanka. Ƙashi yana son maikiron 1 zuwa 2. Hana ƙwayoyin cuta taruwa yana son 0.2. Tazarar ninki biyar zuwa goma ce, babu jiki ɗaya da zai biya wa kowa buƙata. Abin da ya fi ba ni haushi a lissafin shi ne, ramin da asid ke hudawa faɗinsa maikiron ɗaya ne zuwa biyu, ita kuma ƙwayar cuta girmanta wajen maikiron ɗaya. Kamar an auna ta aka gina mata ɗaki. Silin buroshi kuwa kaurinsa ya haura maikiron 150, ta saman ramin zai wuce bai san da kowa a ciki ba. Matan da ke sayar da nono sun san bambancin wanke kwanon tangaran da wanke tsohuwar ƙwarya da ta sha kankara.

Mafitar da aka samu ita ce a raba aiki. Abin da zai shiga ƙashi a yi masa matsakaicin kaushi, abin da zai ratsa dasashi a bar shi da santsi kusa da mizanin nan. Wasu ƙarafan da wuyansu mai santsi ake ƙera su, wasu kuma gaba ɗaya ake nutsa su cikin ƙashi, mahaɗin ne mai santsi. Muddin kaushin yana binne, ƙashi ya riga ya mamaye shi, ƙwayar cuta ba ta da wurin sauka. Wani likitan ƙashi a Amurka, Anthony Gristina, ya kira wannan tsere a 1987: tsakanin ƙwayoyin jiki da ƙwayoyin cuta, wanda ya riga isa jikin ƙarfe shi ke da wurin.

Matsala tana farawa ne ranar da kaushin ya fito fili. Nan kuma dole ka san cewa shingen da ke tsakanin baki da ƙashi ya fi rauni a ƙarfe fiye da a haƙorin da Allah ya halitta. Haƙori na asali yana da zarurruka da suka fito daga dasashi da ƙashi suka cake cikin saiwarsa, da jijiyoyin jini masu kawo ɗauki. A ƙarfe babu inda zare zai cake, zagaye shi kawai yake yi kamar wuyan riga, jinin wurin kuma kaɗan ne. In datti ya taru, da farko dasashi ne ke kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini in an goge. A wannan mataki in an tsaftace, yana komawa daidai. In an bari, kumburin ya gangara ya fara cin ƙashi, murɗin noti na farko ya fito, ƙwayoyin cuta su sami ɗakunan nan da na faɗa, daga nan su riƙa bin kaushin suna sauka. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Abin ba ƙarami ba ne: wasu masana a Suwidin sun tattara bincike da dama a 2015, suka sami kashi 43 cikin 100 na masu dashe suna da kumburin dasashin, kashi 22 kuma ciwon ya kai ga ƙashi. Wannan a ƙasashen da likitan haƙori yake kusa da gida ke nan.

Shin kaushi ne ke kawo ciwon? A fahimtata, ba shi ke kunna wutar ba, amma in ta kama shi ne busasshen kara. A gwajin da aka yi da karnuka a Suwidin a 2007, an jawo ciwon da gangan a kewayen ƙarfe mai kaushi da wanda aka goge, sannan aka cire abin da ya jawo shi aka zuba ido. A mai kaushin ƙashi ya ci gaba da zaizayewa fiye da a gogaggen. A mutane bambancin bai fito ƙarara haka ba. Wani babban nazari na 2014 ya sami cewa masu santsi irin na da sun rage hatsarin ciwon da kashi 20 cikin 100 a shekara uku in an gwada su da masu kaushi, amma kuma sun fi karkata ga ƙin kamawa tun farko. Ka ga an gudu ba a tsira ba: mai santsi ya fi faɗuwa a watannin farko, mai kaushi ya fi wuyar ceto in ya kamu daga baya. Wuyar ceton kuwa na sha ganinta. Sai an buɗe dasashi, a wanke, a fesa, a goge, wani lokaci ma a sa inji a fiƙe murɗin notin da ya fito a mayar da shi mai sulɓi, wato a rushe kaushin da aka biya kuɗi aka saya. Duk da haka ba kullum ake nasara ba, wani sai an cire ƙarfen.

Da manyan masana ciwon dasashi na Turai da Amurka suka zauna a Shikago a 2017 suka tace abin da ke jawo wannan ciwo, abubuwa uku ne suka fi samun hujja mai ƙarfi: mutum yana da tarihin ciwon dasashi mai cin ƙashi, ba ya goge baki yadda ya kamata, kuma ba ya dawowa a duba shi a kai a kai. Sunan kamfani ko irin jikin ƙarfe ba ya cikin ukun. Ni zan ƙara da taba, ko sigari ko ta gari da ake cusawa a leɓe, domin tana rage jinin dasashi kuma ƙarfe ya fi ƙin kamawa a bakin mashaya, sai ciwon suga da ba a shawo kansa ba. Akwai kuma laifin da ke wuyanmu mu likitoci. In an haƙa ƙashi ba a zuba ruwan sanyaya shi sosai ba, zafin da ya kai digiri 47 na minti ɗaya ya isa ya lalata shi. In an dasa ƙarfe a karkace ko an matsa shi gaba da yawa, ƙashin gabansa zai narke. In an manna haƙori aka bar ragowar siminti a ƙarƙashin dasashi, an ajiye wa ƙwayoyin cuta wani kaushin a inda ya kamata a sami santsi. In an ƙera haƙorin da ƙaton ciki yadda buroshi ba zai shiga ƙarƙashinsa ba, majiyyaci ba shi da laifi.

Wannan ya kawo ni kan bakinka, Malam. Haƙoran gaba na sama su ne wuri mafi wuya a wannan aiki. Ƙashin da ke rufe saiwarsu ta gaba siriri ne, sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba, kuma faɗuwa daga babur takan fasa shi. Ko bai fashe ba, ƙashi yana janyewa bayan haƙori ya fita. Wani bincike a Danmak a 2003, a kan haƙoran baya, ya nuna faɗin ƙashin yana raguwa da rabi cikin shekara ɗaya, mafi yawansa a wata ukun farko. Kai kuma ka shekara. Saboda haka tambayar da ta fi ta kaushi muhimmanci gare ka ita ce: akwai isasshen ƙashi da zai binne kaushin ta kowane ɓangare, har ya rage kauri a gaba? Hoton haƙori na yau da kullum ba ya nuna wannan, tsawo yake nunawa ba kauri ba. Sai an yi hoton sikan mai nuna ƙashi ta kowace fuska. In ƙashin bai isa ba, a yi ciko tukuna ko a haɗa da dashen. Duk wanda ya leƙa bakinka da madubi kawai ya yanka maka farashi, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Za ka ji ana tallar sababbin ƙarafa. Akwai waɗanda ake adanawa cikin ruwan gishiri tun daga masana'anta don kada dattin iska ya hau su, jini yana bin jikinsu kamar yadda auduga ke shan ruwa. Waɗannan suna gaggauta kamawa a makonnin farko, kuma suna da amfani ga mai rauni a ƙashi, amma bayan 'yan watanni tsofaffin sukan kamo su. Akwai kuma abin da ake gwadawa a ɗakunan bincike: shafa azurfa, ko kwaikwayon fiffiken mazari, wanda masu bincike a Ostireliya suka gano yana da wasu tsinaye ƙanana ƙwarai da ke fasa ƙwayar cuta in ta sauka. Abin sha'awa ne, ina bibiyarsa. Sai dai baki ba kwalbar gwaji ba ne, yawu yana lulluɓe duk wata dabara cikin mintuna. Ba zan ce ka ƙara ko naira ɗaya don irin wannan alkawari ba.

Abin da zan ce ka nema: ƙarfe daga kamfanin da ya daɗe kuma ake samun kayansa a Najeriya, mai matsakaicin kaushi a gindi da santsi a wuya. Ka karɓi takarda ko 'yar lambar da ke zuwa a kwalinsa, mai sunan kamfani da girman ƙarfen, ka adana ta tare da takardun makaranta. Kowane kamfani da irin sukurdirebansa da mahaɗinsa. Wani bawan Allah ya taɓa zuwa mini da haƙori yana girgiɗi, an dasa masa a ƙasar waje, ba takarda ba suna. Ɗan ƙaramin noti ne kawai ya kwance, aikin minti goma, amma muka yi makonni muna neman abin da zai shiga kansa, kafin nan datti ya cika ƙarƙashin haƙorin dasashi ya kumbura.

Kafin a taɓa ƙashinka, a fara duba sauran haƙoranka, a kankare dattin da ya ƙafe, a tabbatar dasashi ya daina jini. Ƙwayoyin cutar da za su hau ƙarfen daga maƙwabta suke tasowa. Bayan an dasa, buroshi mai laushi safe da dare, da ɗan siririn buroshi mai shiga tsakanin haƙora ko zaren sakace. Aswaki yana da kyau kuma ban ce ka bari ba, amma ba ya shiga tsakani, nan ne kuwa ciwon ke farawa. Gawayi, toka da gishiri da wasu ke dirza haƙori da su, da sakace da allura ko tsinken ƙarfe, duk suna karce wuyan nan mai santsi, ka mayar da shi mai kaushi da hannunka. Ko a asibiti, in za a wanke maka baki ka faɗa musu kana da dashe, domin ƙarfen kankara na yau da kullum yana yi masa zane, akwai kayan da aka tanada dominsa.

Kada kuma ka jira zafi. Ƙarfe ba shi da jijiya, ƙashi yana iya cinyewa rabi mutum bai ji komai ba. Alamarsa jini ne in ka goge, ko ɗan wari, ko mugunya in ka danna dasashi, ko ka ga toka-tokan ƙarfe ya fara leƙowa. Shi ya sa ake so a gan ka duk wata shida, wanda ya taɓa ciwon dasashi ma duk wata uku ko huɗu, a auna a gwada da hoton da aka ɗauka ranar da aka ɗora haƙorin. A nan Kebbi wannan ne abin da zan so ka auna tun kafin kuɗin aikin. Masu yin dashe kaɗan ne a yankinmu, da yawa sai sun tafi Sakkwato, Kano ko Abuja. Ka tambayi wanda zai yi maka, wa zai riƙa duba ka bayan an gama, kuma a ina. In amsar ita ce tafiyar da albashin malamin makaranta ba zai ɗauka sau biyu a shekara ba, to ka riƙe na robar tukuna, ko a yi maka irin wanda ake mannawa a jikin haƙoran gefe. Na robar ka riƙa cire shi da dare kana wankewa, kuma in ya fara danna dasashi ka kai a gyara, don kada ya ƙara cinye ƙashin da za a buƙata ranar da ka shirya.